Shisshigi Ne A Nuna Wa Tsohon Soja Hanyar Makaranta?

Da wuya a sami unguwa a Kwoi da kewayenta, har zuwa Kafanchan, wadda babu gidan tsohon soja a cikinta. Kakanni sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, waɗansu an kai su Laberiya a 1990, na bayansu kuma sun dawo daga fagen fama na Arewa maso Gabas. Da yawansu sun shiga soja da ƙuruciya, karatu bai yi nisa ba. Sun tuɓe kaki sun komo gida, ga iyali, ga fansho da ba ya kai ƙarshen wata, ga gonar citta wadda ba kowace shekara take biya ba.

Hanyoyin ƙarin ilimi kuwa suna nan. Rundunar soja tana da cibiya a Oshodi, cikin Legas, inda ake koya wa masu shirin ritaya sana'o'i. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana karɓar manya ba tare da sun bar gona ba. Akwai Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, akwai azuzuwan yaƙi da jahilci. Ƙungiyar tsofaffin sojoji, Nigerian Legion, wadda aka kafa a 1964, wuri ce na neman bayani. Amma kafin mutum ya ci moriyar ɗaya daga cikinsu, sai ya ji labari daga bakin wanda ya yarda da shi.

A nan tambayar take. Maƙwabci ya san hanyar, ya kuma ga bukatar, amma yana jin nauyi. Yaya zai ce wa mutumin da ya ba ɗaruruwa umarni ya koma aji da sa'o'in 'ya'yansa? Wannan jin nauyi yana da dalili, gama mutunci shi ne babbar dukiyar da tsohon soja ya dawo da ita, wanda ya taɓa shi kuwa ya yi ɓarna. Duk da haka, shirun da ake kira ladabi yakan zama hanyar guje wa wahala. Mai shirun ya tsira da fuskarsa, iyalin sojan su ne suke biyan kuɗin.

Labarin Na'aman a 2 Sarakuna sura 5 ya dace a nan. Shugaban sojojin Suriya ne, yana fama da kuturta. Wadda ta san inda taimako yake yarinya ce, baiwa, mafi ƙanƙanta a gidan. Ba ta tare shi a gaban jama'a ba, uwargijiyarta ta faɗa wa. Da ya fusata ya juya daga ƙofar Elisha, barorinsa ne suka lallashe shi da girmamawa har ya shiga Urdun.

Ashe faɗar maganar wajibi ne, yadda aka faɗe ta shi ne ke raba taimako da shisshigi. A yi ta a keɓe, ko ta bakin matarsa, ko wani tsohon abokin aikinsa. Kada a miƙa sunansa ko'ina sai da yardarsa, kada kuma a ambace shi a sanarwar ranar Lahadi. A binciko sharuɗɗa da kuɗin makaranta tukuna, don kada a sa masa rai a banza. In ya amince, a raka shi ranar farko. In ya ƙi, a bar shi da mutuncinsa, a sake tayar da zancen bayan girbi.

Kowace 15 ga Janairu ana tunawa da sojojin da suka mutu. Masu rai suna zaune a kujerun ikkilisiya kowane mako, dattawa da zumuntar mata sun san gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Alhakin kai musu labari yana wuyan waɗanda suka sani.