Kwandon Shara da Maƙwabcin da Bai Sa Hannu Ba

A yawancin wurare ba a kiran taro saboda kwandon shara. Ka cika shi, ka fitar ƙofar gida, mota ta zo ta kwashe, shi ke nan. Amma a wata unguwa da ke bakin tafkin Tahoe, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wurin da ake ajiye kwandon nan da irin murfin da ke kansa sun kusa jawo wa wata dabba harsashi, sun kuma raba kan maƙwabta gida biyu.

Sunan unguwar Tahoe Keys, a garin South Lake Tahoe. Gidaje ne kimanin 1,500, waɗanda aka gina daga shekarun 1960 a kan fadamar da kogin Upper Truckee ke ratsawa kafin ya faɗa tafki. An haƙe fadamar, an yanka mata hanyoyin ruwa, har mutum yana iya ɗaure ƙaramin jirginsa a bayan gida. Duwatsu da daji sun kewaye garin, kuma a cikin dajin akwai baƙin beyar, dabbar nan mai kauri da yawan gashi da dogayen farata, wadda ke cin 'ya'yan itace da ƙwari da kifi da duk abin da hancinta ya kai ta. Tana nan tun kafin a kafa tubalin farko.

Unguwar, kamar dubban irinta a Amurka, tana ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje. Sama da mutum miliyan 70 ne ke zaune a irin wannan tsari a ƙasar. Ba shiga ake yi don ana so ba. Sharuɗɗan suna manne da takardar gidan, ranar da ka saya ka zama ɗan ƙungiya. Za ka riƙa biyan kuɗin ƙungiya, a zaɓi shugabanni daga cikin maƙwabta, mafi yawa ba su da albashi, su kuma su kula da kayan da aka haɗa hannu a kai. Akwai kwamitin da ke duba fasalin gidaje: launin fenti, tsayin shinge, abin da ya halatta a gani daga bakin titi. Wanda ya karya doka a ci shi tara, wanda ya ƙi biya kuma bashin ya hau kan gidansa.

Mutanen yankin Tahoe sun daɗe da samo dabarar raba beyar da shara. Akwati ne na ƙarfe mai kauri, ana kafa shi a bakin titi kan daɓen siminti, a ɗaure da ƙusoshi don kada a kayar da shi. Kwando biyu ko uku yake ɗauka. Sakatarsa a ɓoye take cikin wani ɗan lungu, sai ka zura yatsu ka danna kafin ƙofar ta buɗe. Hannun mutum yana shiga, dagin beyar ba ya shiga. Mai kwasar shara ya buɗe ya kwashe ya rufe, ko mai gida yana nan ko ya yi tafiya. Kuɗinsa yakan haura dala dubu, kuma gaskiya ba shi da kyan gani. To, wannan rashin kyan ne ya sa Tahoe Keys ta daɗe ba ta yarda a kafa shi ba.

Shara kuwa ba ta daina taruwa don an hana mata akwati. Sai ta koma gareji, ta kwana a nan har ranar zuwan mota. Hancin beyar ya fi na kare nesa ba kusa ba, ƙofar gareji ba ta ɓoye masa ƙashin kaza ko ragowar kifi. A ƙarshen shekara, kafin sanyi ya kama, cikinsa ba ya cika: yana neman abincin da ya kai kalori 20,000 a rana don ya tara kitsen da zai yi dogon barcin hunturu da shi. A daji sai ya wuni yana tsintar 'ya'yan itace ɗaya bayan ɗaya. A gareji kuwa minti kaɗan sun ishe shi. Wanda ya ɓalle ƙofar gareji sau ɗaya ya samu, gobe ƙofar kicin zai gwada, jibi ya san inda firij yake. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki na Yankari ya ga gwaggon biri ya fizge leda daga hannun baƙo ya san yadda dabba ke zama idan ta gano cewa abinci yana wurin mutum. Wasu beyar ɗin Tahoe ma sun rage barcin hunturu, ko sun daina gaba ɗaya, tunda abinci ba ya yankewa.

A ƙarshen Agustan 2021 gobarar daji ta Caldor ta sa aka kwashe mutanen South Lake Tahoe, gari ya zama kango na kwanaki, shara da firij cike suna jiran mai ci. Zuwa Fabrairun 2022 labarin wani ƙaton beyar ya cika duniya. An ce nauyinsa ya kai kilo 227, an ɗora masa laifin fasa gidaje kusan talatin, an kira hukuma a kansa fiye da sau 150. Aka laƙaba masa suna Hank the Tank, wato ana kamanta shi da tankar yaƙi. Hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar ta ce ya daina tsoron mutane, kuma kashe shi yana cikin abin da ake dubawa. Aka kafa tarko a unguwar. Wasu mazauna suka ce a gaggauta, ba sa iya barci. Wasu, tare da ƙungiyar BEAR League mai kare dabbar, suka ce ba su yarda a kashe shi ba. Har wani ya shafa wa tarkon rubutun zargi da fenti.

Sai gwajin ƙwayoyin halitta ya warware zance. Gashi da yawun da aka tattara daga gidajen da aka fasa sun nuna cewa ba beyar ɗaya ba ne, aƙalla uku ne.

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a duba da kyau. Muddin ana cewa dabba ɗaya ce, magana mai sauƙi ce: akwai mai laifi, a kawar da shi, kowa ya koma harkarsa. Da aka ce uku ne, sai laifin ya tashi daga kan dabba ya koma kan abin da ya koyar da su ukun darasi iri ɗaya. Da an harbe na farko, da na biyu ya gaji garejin a makon. Ma'aikatan daji a Amurka suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, cewa beyar ɗin da aka ciyar gawa ne. Dokar Kalifoniya ta hana ciyar da shi da gangan. Amma kwandon da ba a kulle ba ciyarwa ce, ko mai shi bai yi niyya ba.

Ba na ganin shugabannin irin wannan ƙungiya a matsayin miyagu. Mutane ne da suka ba da yammacinsu kyauta don karanta takardu da sauraron ƙorafi, kuma abin da aka fi kawo musu shi ne abin da ido ke gani. Gida shi ne babbar dukiyar mafi yawan iyalai, kowa yana tsoron abin da zai rage masa daraja. Saboda haka dokokin sukan taru a kan fenti da shinge da ciyawa. Matsalar ita ce an rubuta su kamar mutane ne kaɗai mazauna wurin. An zauna an yi yarjejeniya tsakanin masu takardar gida, alhali akwai wani maƙwabci da bai halarci taro ba, bai sa hannu ba, ba a iya cin sa tara, kuma shi hancinsa kawai yake bi.

Abin takaicin shi ne, babu wanda ya fi ƙungiyar masu gidaje dacewa da wannan aiki. Kulle shara ba abu ne da mutum ɗaya zai yi ya tsira ba. Gida tara su kulle, na goma ya bar nasa a buɗe, beyar zai ci gaba da zuwa layin, kuma a hanyarsa zai gwada ƙofar kowa. Yawancin gidajen bakin tafkin na hutu ne, baƙo ya kwana biyu ya fitar da shara ranar Lahadi ya kama hanya, mota ba za ta zo ba sai bayan kwanaki. Wa zai bi wannan? Hukumar jiha tana nesa, ma'aikatanta kaɗan ne. Ƙungiyar kuwa tana da sunan kowane mai gida, tana da ikon tara, tana da masu zagayawa. Ikon da ake aika wa mutum takarda da shi saboda launin ƙofarsa, shi ne dai zai iya tilasta masa kulle kwandonsa, ya tsince 'ya'yan itacen da suka zube a tsakar gida, ya daina barin abincin kare a waje. A cikin hayaniyar 2022 ce ƙungiyar ta sassauta, ta ba da izinin kafa akwatunan.

Sassaucin bai goge abin da dabbobin suka riga suka koya ba. A Agustan 2023 ma'aikata suka kama ɗaya daga cikinsu, wadda ke da lamba 64F a rajistarsu. Ashe mace ce, kuma gwaji ya tabbatar da hannunta a fasa gidaje aƙalla 21 tsakanin Fabrairun 2022 da Mayun 2023. Ba a iya sakinta a wani dajin, domin beyar ɗin da ya saba da gidaje ko dai ya dawo, ko ya nemi gari mafi kusa ya ci gaba da sana'arsa. Aka ɗauke ta a mota zuwa wani gandun dabbobi mai shinge a jihar Kolorado, inda za ta ƙare rayuwarta. An kama ta ne tare da 'ya'yanta uku, waɗanda suka riƙa bin ta cikin gidajen mutane suna kallon yadda ake yi. Su an kai su wata cibiyar renon namun daji a gundumar Sonoma, aka nisanta su da mutane da abincin mutane, da fatan su manta abin da uwarsu ta nuna musu kafin a mayar da su daji.