Ragar Maƙeri da Dariyar Alloli

A ƙasar Ingila, kusa da garin Stamford, akwai wani tsohon gidan masu sarauta da ake kira Burghley, wanda William Cecil ya gama ginawa a shekarar 1587. Wajen shekaru ɗari bayan haka, wani mai zane ɗan Italiya, Antonio Verrio, ya cika bango da rufin wani babban ɗaki na gidan da zanen fenti mai ban mamaki. Ana kiran ɗakin Ɗakin Sama, amma ba mala'iku ne a cikinsa ba. Allolin Romawa ne.

Labarin da zanen ya ɗauko tsohuwar tatsuniya ce ta Helenawa. Vulcan, allahn maƙera, ya gane cewa matarsa Venus tana cin amanarsa da Mars, allahn yaƙi. Sai ya ƙera raga siririya, ya kama su a ciki, ya kuma kira sauran alloli su zo kallo. Suka taru suna dariya.

Ko ya dace mai bi ya tsaya gaban irin wannan zane? Fitowa sura 20 ta haramta sassaƙa siffa domin a yi mata sujada, amma babu mai durƙusa wa Vulcan a yau. Manzo Bulus ma, sa'ad da ya zaga birnin Atina, ya duba gumakansu da kyau, har ya kafa wa'azinsa a kan abin da ya gani (Ayyukan Manzanni 17). Saboda haka tambaya mafi nauyi ita ce: me zanen yake koya wa mai kallo?

Yana koyar da cewa maganin zunubi shi ne tonon asiri. A cikin tatsuniyar babu wanda ya tuba, babu gidan da ya gyaru. An sake su, kowa ya kama gabansa, mijin kuma ya zama abin ba'a tare da waɗanda ya kama.

Wannan raga ba baƙuwa ba ce a Tudun Wada ta Gombe. Idan budurwa ta yi ciki a gidan iyayenta, ko aka kama magidanci da abin kunya, kafin limamin ikkilisiya ya ji, labari ya riga ya zaga kasuwa. Yau ma wayar hannu ta fi ragar Vulcan saurin kamu. Masu bi da yawa sukan tura hoto gaba, suna cewa ƙin zunubi ne ya sa su, alhali daɗin kallo ne.

Yohanna sura 8 ta nuna wani taro makamancin wannan. Aka kawo mace da aka kama cikin zina, aka tsayar da ita a tsakiya. Yesu bai yi dariya ba, bai kuma ce ba ta yi laifi ba. Ya sunkuya yana rubutu a ƙasa, ya mayar wa kowane mai ƙara da tambayar lamirinsa, har suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ya sallame ta da gargaɗin ta rabu da zunubi.

Horon ikkilisiya yana da wurinsa, kuma Galatiyawa 6:1 ta ce a yi shi da tawali'u domin a maido da wanda ya fāɗi. Iyaye su lura: yaro yana koyon yadda ake bi da mai laifi ne daga hirar da yake ji a tsakar gida. Ranar da nasa tuntuɓen ya zo, abin da ya ji shi zai sa ya nufo gida ko ya gudu.