Haƙƙin jariri daga mai jego yake farawa

Ranar da aka haifi ɗan fari, uwa ma sabuwa ce. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa mai cikin fari take tafiya goyon ciki gidan iyayenta, ta zauna har ta yi arba'in ana tattalinta, ana koya mata riƙon jariri. Alƙur'ani ma, a Suratul Baƙara, da ya ambaci shayarwa ta shekara 2, nan take ya ɗora wa uba ciyar da uwar da tufatar da ita. A fahimtata, hikimar a fili take: ƙwaƙwalwar jariri tana ginuwa ne da kallo da hira da runguma, kuma macen da damuwa ta danne, ba barci ba mataimaki, da ƙyar take iya bayar da su.

Amma a unguwa irin Nassarawa GRA ta Kano, mace kan haihu a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, ta koma gida mai doguwar katanga, inda maƙwabta ba sa leƙowa. Kuɗi na ɗauko mai aiki, amma ba ya sayen gwaggo mai lura da hawayen mai jego.

Wani zai ce al'adar jego cutarwa ce. Yana da hujja: likitoci a Zariya, tun shekarun 1970, sun danganta ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da tsananin zafin wanka da gado. To, a bar kanwar, a sassauta ruwan. Abin da bai kamata a bari ba shi ne kewaye mai jego da dangi. Magidanta, wannan nauyi a wuyanku yake.