Me Ya Koro Ka?

A ƙasarmu idan aka hangi babban mutum yana sheƙa gudu cikin daji, bayansa ake fara dubawa. In ba a ga kowa ba, sai a dubi gabansa, ko saniya ce ta tsinke, ko kuwa wuta ce ta kama rumbu. In nan ma ba kome, to, sai a ce Allah ya ba shi lafiya. Mutanen da sun ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Watau a wurinmu kowane gudu da mai sa shi, kuma tambayar da a kan yi wa mai gudu ɗaya ce: me ya koro ka?

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, ɗan ƙanwata ne. Yana karatu a Yamai, can ya koyi zagaya filin wasa na Seyni Kunce da sassafe. Wata shekara cikin ɗari, tun hanyoyin daji ba su yi wuyar bi ba, ya zo hutu Bonkuku, ya ce shi da abokansa biyu za su tashi da gudu har Filinge. Ta hanyar mota tsakanin garuruwan nan biyu kilomita 40 ne da ɗoriya. Su kuwa suka ce turbar ƙafa za su bi, ta cikin Dallol Boso, su ratsa gonaki da rairayi, su hau dutsen da ke gefen kwarin su sauko, har lissafi ya cika kilomita 50.

Bari in yi wa mai karatu bayani kaɗan. Tseren da ake kira gudun famfalaki tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Duk wanda ya zarce haka an ba shi aji dabam, kuma galibi cikin daji ko duwatsu ake yinsa. A Afirka ta Kudu akwai wanda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90. A hamadar Maroko akwai wanda wani Bafaranshe, Patrick Bauer, ya kafa a 1986, wajen kilomita 250 cikin mako guda, kowa ɗauke da abincinsa a baya. Irin wannan ne yaran suka gani, suka ce su ma sai sun ɗanɗana, ko da ba mai ba su lambar yabo.

Daren da za su tashi yaron nan bai runtsa ba. Ya ɗaure takalmi ya kwance, ya ƙirga dabinonsa ya sake ƙirgawa, kamar angon da za a kai wa amarya. Na ce masa ya kwanta. Ya ce, "Kawu, ban taɓa wuce kilomita 25 ba. Gobe zan ga abin da ke bayan 25." Ya faɗi haka yana dariya, muryarsa kuwa tana rawa.

Mahaifiyata, watau kakarsa, tana jinmu daga ɗaki. Da fari wasan jika ta ja shi da shi, ta ce, "Maigidana, wa ya mutu a Filinge?" Da ya ce ba kowa, sai ta fito ta zauna bakin ƙofa, wasa ya ƙare. A yunwar 1973 ta baro ƙauyenmu da ke arewa da Filinge, bayan dabbobinmu sun ƙare. Ta biyo wannan kwari zuwa kudu, uwar yaron nan tana goye a bayanta, ni ina riƙe da gefen zanenta, har muka yada zango a Bonkuku inda ruwa ba shi da zurfi. Ta ce masa, "Hanyar da na biyo ina kuka, ita za ka bi kana wasa? Ni ba wanda ya tafa mini. Ƙoshi ne ke damunka."

Maganar nan ta daɗe tana cina, domin ba maganar banza ba ce. Tambayar ita ce, ya dace mutum ya yi murna da wahalar da ya ɗora wa kansa, alhali ga waɗansu nan da wahalar ta zo musu ba su gayyace ta ba? Ko kuwa ba'a ce yake yi musu bai sani ba?

In za a faɗi gaskiya, tsohuwa tana da shaidu da yawa. Kuɗin shiga tseren nan na Maroko kaɗai ya isa mutum ya kafa garken awaki. Daga Nuwamba 2006 zuwa Fabrairu 2007 waɗansu mutum uku, Charlie Engle da Ray Zahab da Kevin Lin, sun ratsa Sahara da gudu daga Senegal har Bahar Maliya cikin kwana 111, suka biyo ta Agadas, aka yi musu fim. To, amma madugan ayarin gishiri shekara ɗari nawa suka yi suna taka Tenere tsakanin Agadas da Bilma, gefen raƙumansu, ba wanda ya rataya musu kome a wuya? Kuma cikin hamadar nan ce, a watan Oktoba na 2013, aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya wajen neman abinci. Wanda ya san wannan, in ya ga mai ƙoshi yana neman ƙishirwa da kuɗinsa, ba laifinsa ba ne in ransa ya sosu.

Duk da haka ban yarda cewa yaron ba'a yake yi ba. Ku dubi mai azumin nafila da wanda yunwa ta kama. Cikinsu duka wayam ne, amma ba mai hankalin da zai ce mai azumi yana yi wa mayunwaci dariya. Malamai ma cewa suke yi azumi yana sa mai shi ya san zafin da talaka ke ji. Ku dubi kuma Safa da Marwa. Nana Hajara ta yi safa da marwa sau bakwai tsakanin duwatsun nan biyu don ƙishirwa za ta kashe mata ɗa, gudun dole ke nan tsantsa. Yau alhazai suna bin sawunta, ga Zamzam a gefensu, maza har da sassarfa, ba wanda ya koro su. Ba ina haɗa wasan samari da ibada ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne, mun riga mun san cewa bin sawun mai wahala da gangan yana iya zama girmamawa gare shi. Niyya ce ke raba su.

Da asuba suka tashi, ni kuwa aka ɗora ni bayan babur da jarkar ruwa. Awa biyu na fari duk raha ce. Sanyi na busawa, suna ratsa goriba da gawo, suna yi wa juna tsiya. Wata mata da ke jan ruwa a rijiya ta saki guga ta ce, "Lafiya, samari?" Suka ce lafiya lau. Ba ta yarda ba, sai da ta leƙa bayansu. Wani ɗan kiwo kuma ya bi su ba takalmi har wajen kilomita guda, yana dariya, sa'an nan ya koma wurin awakinsa ko haki ba ya yi.

Da suka haura kilomita 30 sai raha ta ɗauke. Masana sun ce jiki yana ajiye wani irin sukari cikin tsoka da hanta, shi yake ƙonawa in ana gudu, kuma wajen nan ne ajiyar takan ƙare. Daga nan sai jiki ya koma kan kitse, shi kuwa ba ya ba da ƙarfi da sauri. Ga gishirin da ya fita tare da gumi, har ya yi fari a rigunansu. Shi ya sa ba a cika ciki da ruwa zalla, sai an haɗa da ɗan gishiri da abin taunawa. Ɗaya daga cikin abokan ya zauna gindin wata aduwa, ya ce shi kam ya gama, aka yi masa wuri a babur. Ban ga abin kunya a ciki ba, kuma ba wanda ya yi masa gori.

A nan ne na ga abin da nake son in faɗa. Babur yana biye da ɗan ƙanwata, bai fi taku goma ba. Ƙafafunsa sun yi bororo, cinyarsa tana ɗaurewa, in ya zo hawa sai ya koma tafiya yana dafa gwiwa. Kowane lokaci yana iya ɗaga hannu mu tsaya. Sau biyu na ce masa, "Ɗana, hau mana, ai ka yi ƙoƙari." Bai ko dube ni ba. Mahaifiyata a 1973 ba ta da babur a bayanta. Haƙurinta ya fi nasa nesa ba kusa ba, ladanta kuma yana wurin Allah, amma yunwa ba ta yi shawara da ita ba. Shi kuwa kowane taku sai zuciyarsa ta ce masa tsaya, ga hanya a buɗe, shi kuma ya ce mata a'a. Yawancinmu mukan tsufa ba mu san ko muna da haƙuri ba sai ran da masifa ta zo ta gwada mu, ran nan kuwa ba a shirya ba. Yaron nan ya tafi ya tambayi kansa tun ana zaune lafiya, a kan abin da in ya faɗi ba wanda zai mutu. Ɗokin da ya hana shi barci na jiran amsa ne, kuma irinsa sau ɗaya ake yi. Ko ya sake gudun sau goma, ya riga ya san abin da ke bayan 25.

Ba kuwa baƙon abu ba ne a wurinmu in mun lura. Saurayin Fulani da ke tsayawa a filin sharo yana murmushi ana zuba masa bulala, wa ya tilasta masa? Ɗan kokowa da ɗan dambe fa? Sai dai su a gaban taro suke yi, da makaɗa da 'yan mata. Mai dogon gudu yawancin hanyarsa ba mai ganinsa sai tsuntsaye, watakila shi ya sa muke ganin abin kamar taɓin hankali.

Amma akwai iyaka, kuma a nan ina bayan tsohuwa. Jiki amana ne, ba a ba mu shi don mu halaka shi ba. Wanda ya ce zai yi wannan gudu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kurfai ke haura awo 40, ba jarumi ba ne. A 1994 guguwar rairayi ta ɓatar da wani ɗan Italiya, Mauro Prosperi, cikin tseren Maroko, ya yi fiye da mako guda a hamada kafin makiyaya su tsince shi cikin ƙasar Aljeriya, saura ƙiris. Yana da mata da 'ya'ya a gida, su ba su zaɓi wannan zullumi ba. Haka kuma wanda ya iya kilomita 50 amma kunya goma ta gagare shi a gonar ubansa, ko wanda ya dawo yana hura hanci a gaban matan da ke yini kan hanyar itace, to, wannan ya ci zomo bai ci gudu ba, ko da ƙafarsa ta kumbura.

Bayan azahar suka shiga Filinge, su biyu, suna ɗingishi. Ba kiɗa, ba taro. Wani mai shayi ne ya tura musu benci, ya tambaye su daga ina. Da suka ce Bonkuku, ya dubi ƙafafunsu, ya dubi babur, ya girgiza kai ya ƙara musu sukari. Ɗan ƙanwata ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane kuka yake yi ko dariya.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara mini haske a kan maganar ƙoshi. Tashin hankali ya shigo jihar Tilaberi, mutanen ƙauyuka da yawa sun baro gidajensu da ƙafa cikin dare, suka nufo Abala da Filinge da sauran manyan garuruwa. Kalmar gudu ta koma ma'anarta ta da, an ƙara mata hijira. A irin wannan hali in samari uku suka ratso daji a guje, matar nan ta bakin rijiya ba za ta tsaya tambayar lafiya ba, guga za ta yar ta bi su. Sai na gane cewa garin da saurayi zai yi gudu a dajinsa ba don kome ba, gari ne mai hatsi a rumbu, mai barci da ido biyu rufe. Tsohuwa ta yi gaskiya, ƙoshi ne. Amma ai ƙoshin nan ta fito nema da ta goya uwarsa ta biyo kwarin.

Ban faɗa mata haka ba, don ba a koya wa uwa karatun yunwa. Da muka komo Bonkuku da dare a motar haya, muka tarar ta dafa ruwa tun la'asar tana ta ƙara masa wuta. Ta sa ya miƙe ƙafafu a tabarma, ta gasa su da tsumma, ta fasa bororon da ƙaya, ta shafa man kaɗe, tana yi tana mita. Can sai ta tambaye shi ko ya ga wata tsohuwar rijiya da ke gindin manyan gawo, kafin a hangi Filinge. Ya ce ya gani, har sun jiƙa kai a wurin.

Ta yi shiru, hannunta a kan diddigensa. Ta ce, "Nan muka kwana, ni da kawunka da uwarka. Miƙo ɗayar."