Cika Mudu a Cinikin Data

Kiran murya ta intanet, irin wanda 'yan kasuwar Wunti a Bauchi ke yi da WhatsApp, yana buƙatar layi ya aika sauti ya kuma karɓo shi a lokaci guda, saboda haka gwajin da ya auna saurin saukewa kaɗai, wato yawan bayanan da ke shigowa waya a daƙiƙa, bai nuna gaskiyar layin ba. Shin mai sayar da data da ya tallata rabin awo ya cika mudu? Suratul Muɗaffifina ta yi tir da tauye awo, malaman fiƙihu kuma sun hana garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Haƙƙin mai saye ne a bayyana masa saurin aikawa da na saukewa tare.