Shin Kuɗin Ƙofa Ne Ma'aunin Wasa?

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wannan zance ya hau kan manomi da maƙeri, ya kuma hau kan ɗan wasan kwaikwayo, musamman irin wasan nan da ake haɗa shi da kiɗa da waƙa da rawa a kan dandamali. Sai dai mu ɗaliban adabi mun saba mu yi ta feɗe jigo da salo da zubi, amma da an zo maganar kuɗin da aka tara a bakin ƙofa sai mu kau da kai, kamar an ambaci abin kunya a gaban surukai. Abin da wannan ɗan rubutu yake so ya tattauna shi ne, shin kuɗin ƙofa yana da ikon yanke wa wasa hukunci, ya ce wannan ya cancanci rayuwa, wancan kuwa ya mutu?

Bari mu fara da inda wannan al'amari ya fi fitowa fili. A birnin Niyu Yok na Amurka akwai unguwar gidajen wasa da ake kira Burodwe, mai manyan gidaje 41. A can akan nuna wasa sau takwas a mako, kuma kowane mako sai a buga wa duniya abin da kowane wasa ya tara da yawan kujerun da aka cika. A cikin abin da aka tara ne za a biya hayar gida, da 'yan wasa, da makaɗa, da masu fitila, da masu ɗinkin kaya, da masu talla. In an sami rara, sai a rage bashin waɗanda suka zuba jari. Galibi ma akwai sharaɗi a cikin yarjejeniyar haya cewa in ciniki ya faɗi ƙasa da wani adadi mako biyu a jere, mai gida yana da ikon ya ce a kwashe kaya. Sanannen abu ne kuma cewa mafi yawan wasannin waƙa da ake buɗewa a can ba sa mayar da uwar kuɗi.

To, ga wani abin lura. Wasan da ya fi kowane daɗewa a wannan unguwa, watau The Phantom of the Opera, an buɗe shi a 1988, aka rufe shi a watan Afrilu na 2023, bayan an nuna shi sau 13,981. Dalilin rufewa shi ne bayan annobar korona ciniki ya kasa ɗaukar nauyin wasan. Amma da aka sanar za a rufe, sai jama'a suka yi dafifi, ciniki ya tashi, har aka ɗaga ranar rufewa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ya kai mai karatu, me ya canza a cikin wasan tsakanin makon da ya kasa da makon da ya cika maƙil? Waƙoƙin su ne dai, labarin shi ne dai. Ashe abin da kuɗin ƙofa yake aunawa shi ne aljihun mutane da marmarinsu a wannan mako. Darajar wasan kuwa ba ta hawa da sauka kamar farashin tumatir a kasuwar Sabon Gari.

Wani zai ce, tun da haka ne, ai gara a raba fasaha da kuɗin ƙofa gaba ɗaya. Kafin mu amince da wannan, ya kamata mu tambaya: in ɗan kallo bai biya ba, wa zai biya? Domin babu wasan da yake kyauta. Ko ganga sai an sayi fata an ɗaure ta.

A ƙasar Hausa mun san amsar farko, watau ubangida. Makaɗan fada irin su Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, ba su taɓa tsayar da mai yankan tikiti ba. Sarki ne yake ba da doki da riga da hatsi. Wannan tsari ya haifar da waƙoƙin da har yau muke nazari a aji, ba mai musun haka. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaɗin fada yana iya yi wa abokin hamayyar sarki zambo har ya gaji, ubangidansa kuwa sai yabo.

Amsa ta biyu ita ce hukuma. A nan Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina dandalin wasa da jar ƙasa bisa fasalin ginin Hausawa a tsakiyar shekarun 1970, zamanin da Michael Etherton yake jagorantar koyar da wasan kwaikwayo. Daga nan ne ɗalibai suka riƙa fita unguwannin Samaru da ƙauyuka, suna sauraron damuwar jama'a, suna mayar da ita wasa, suna nuna wa masu ita ba tare da sun karɓi ko anini ba. Aiki ne na alheri, kuma da an jira kuɗin ƙofa da ba a yi shi ba. Amma fa albashin malami da ginin dandali daga baitulmali suka fito. Ranar da kasafin kuɗi ya tsuke, ko ra'ayin masu iko ya juya, ranar nan wasa yake shiga halin ni-'yasu, ko da kuwa masu son sa sun cika gari.

Amsa ta uku ita ce ɗan kallo da kansa. A Nijeriya wanda ya fi kowa gwada wannan hanya shi ne Hubert Ogunde, wanda ya ajiye aikin ɗan sanda a shekarun 1940 ya kafa ƙungiyar wasa mai kiɗa da waƙa, ya riƙa yawo da ita gari-gari har Arewa, inda baƙin da suka zauna a unguwannin Sabon Gari suke cikin manyan 'yan kallonsa. Ba shi da sarki, ba shi da gwamnati, sai abin da aka tara a ƙofa. Wannan ne ya ba shi bakin magana. Ya yi wasa a kan harbin ma'aikatan kwal na Inugu na 1949, hukumar mulkin mallaka ta hana shi nunawa a Kano. A 1964 ya yi Yoruba Ronu, gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyarsa wasa a yankinta har zuwa 1966. Sun iya rufe masa ƙofa, amma ba su iya yanke masa albashi ba, domin ba su ne suke ba shi ba.

A nan ne nake ganin kuɗin ƙofa ya fi sauran biyun mutunci. Shi ma ubangida ne, amma ubangidan da aka yanyanka shi gida ɗari. In mutum ɗaya ya yi fushi ya fita, saura 99 suna zaune. Bugu da ƙari, akwai haƙƙi a ciki. Mai kalangu da ya kwana yana gwaji yana da iyali, telan da ya ɗinka kaya yana jiran kuɗinsa. Shugaban ƙungiya da ya zauna ƙarshen mako yana lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, amana yake riƙewa, bai kamata a kira shi mai son abin duniya ba. Wanda ya cancanci zargi shi ne wanda ya tara mutane wata guda, ya sallame su da “Allah Ya saka”, yana fakewa da cewa fasaha ta fi ƙarfin kuɗi.

Duk da haka, wannan ubangida mai kawuna da yawa yana da nasa zalunci. Ba ya haƙuri, kuma abin da ya saba da shi yake so. Mai shirya wasa da ya ga ciniki ya faɗi mako biyu, sai tsoro ya shige shi, ya fara rage magana mai nauyi yana ƙara rawa, ya daina gwada sabon abu ya koma maimaita wanda ya karɓu jiya. Kuma in wata hanyar samu ta ɓullo, dandamali akan bari. Ogunde kansa ya karkata ga fim a ƙarshen shekarun 1970. A Kano, ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda ta faro daga wasan dandamali, ita ce ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo a 1990, daga nan kuwa ƙungiyoyi suka bi sahu. Ba laifi suka yi ba, inda kasuwa take nan suka nufa. Amma mun yi rashin wani abu da kaset ba ya bayarwa, watau ɗan wasa da ɗan kallo su haɗa ido a wuri guda, shewar wannan ta ƙara wa wancan ƙaimi.

Saboda haka amsar tambayarmu ta rabu biyu. Kuɗin ƙofa yana da ikon faɗin ko wasa zai kai mako mai zuwa, kuma mai shirya wasa da ya toshe kunne ga wannan ya zalunci abokan aikinsa. Amma ba shi da ikon faɗin ko wasa yana da kyau. Wannan hukunci na masu nazari ne da na zamani mai tsawo. Kuskure yana faruwa ne in aka ba shi kujerar alƙali, alhali matsayinsa na ma'aji ne.

Daga ƙarshe, kaso mafi girma na wannan magana namu ne, mu 'yan kallo. Sau nawa ɗalibi yakan tsaya a bakin ƙofa yana neman wanda ya sani ya shigar da shi kyauta, sa'an nan gobe ya zauna a aji yana kukan wasan dandamali ya mutu a ƙasar Hausa? Tikitin da ka saya ƙuri'a ce ka jefa. In masu son wasa mai ma'ana suka riƙe hannu, masu son shirme suka buɗe nasu, to kada a zargi mai shirya wasa in ya bi inda abinci yake. Idan ƙungiyarmu ko wata ta shirya wasa a Samaru ko Sabon Gari, mu je da kuɗinmu a hannu, mu kuma nemi a karanta mana lissafi bayan an tashi. Allah Ya sa mu gane.