Ɗana, Idan Kwankwasonka Ya Riƙe

Ɗana, ranar da ka sunkuya ɗaukar buhu ko jarkar ruwa, kwankwasonka ya riƙe har miƙewa ta gagara, na san abin da za ka fara nema: allura, kuma mai ƙarfi. Saurare ni tukuna, kafin ka je imajansi kana matsa wa likita.

Yawancin irin wannan ciwo daga tsoka da jijiyoyin da ke riƙe da ƙashin baya yake tasowa, kuma yakan lafa cikin 'yan makonni. Abin da likita zai rubuta maka galibi ɗaya ne daga magungunan rage kumburi da zogi: ibuprofen, diclofenac ko naproxen. Kada ka raina su don ka saba ganinsu a kemis.

A asibitin Montefiore da ke New York a Amurka, an yi gwaji da mutum 323 da suka zo imajansi da sabon ciwon baya, aka fitar da sakamakon a 2015. Kowa an ba shi naproxen. Wasu aka ƙara musu da oxycodone, wanda dangin tramadol ne amma ya fi shi ƙarfi, wasu maganin sassauta tsoka, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan mako guda ba wanda ya fi wani samun sauƙi. Abin da masu shan mai ƙarfin suka ƙaru da shi kawai jiri ne da tashin zuciya. A 2023 masu bincike a Ostireliya suka gwada irin wannan ƙwaya na tsawon mako shida, nan ma ba ta fi ta wofi ba. To, me zai sa ka jawo wa kanka tramadol, kana ganin yadda ta mayar da samarinmu?

Sai dai maganin kumburin ma ba alawa ba ne. Yana iya cinye bangon ciki ya jawo olsa har da zubar jini, yana kuma taɓa ƙoda, musamman lokacin zafi ko azumi da ruwan jiki ke ƙaranci. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne haɗin da ake ƙulla wa mutane a leda, diclofenac da ibuprofen wuri guda, wani lokaci a ɗora da allura. Aikinsu iri ɗaya ne. Haɗa su illa yake ƙarawa, ba sauƙi ba. Ka tsaya a kan guda ɗaya, bayan ka ci abinci, na 'yan kwanaki kawai. Ibuprofen kada ya wuce miligiram 1,200 a yini sai da izinin likita. Idan kana da olsa, hawan jini, ciwon ƙoda ko na zuciya, ka faɗa tun ba a tambaye ka ba. Mai juna biyu kuwa kada ta sha sai likita ya yarda, haka ma tsofaffin gida.

Kuma kada ka miƙe a katifa kwana da kwanaki. Ka gasa wurin da ruwan ɗumi, ka riƙa takawa a hankali. Hoton ƙashi ma yawanci ba a bukatarsa da farko, don haka ba rowa likita ya yi maka ba.

Amma idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafa ta fara rasa ƙarfi, wannan alamar an danne jijiyoyin laka ce, kuma jinkiri na iya jawo shanyewa. Haka idan ciwon ya zo da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tibi na kama ƙashin baya, ko ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, ko kana da sikila. Don Allah, ɗana, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka tsaya a kemis, kada ka jira gari ya waye. A kai ka asibiti nan take.